Mitar Batirin Malam Hodi

Duk wanda ya san Malam Hodi ya san ba a raba shi da gonar albasarsa ta Argungu lokacin cira. Da ciwon suga ya kama shi, likita ya ce allurarsa ba ta son zafi, sai a firji. 'Ya'yansa maza suka yanke hukunci: tsoho ya zauna gida a Gesse, su tura masa hoton albasa ta waya. Mubina, autarsa, ta ce ba za a yi haka tana raye ba.

Tsohuwar bas ɗinsu ta sa aka cire wa kujeru, aka shimfiɗa katifa, aka ɗora faifan sola a sama, batura biyu da ƙaramin firji a ciki, don tsohon ya zauna a gona da allurarsa. Sannan ta kai motar wurin Akanbi mai gyaran wuta, Bayaraben da Hausar Kabi ta zauna a bakinsa daram, ya haɗa mata mitar da ke nuna sauran caji.

Ya nuna mata wani guntun ƙarfe mai ƙusoshi biyu da ya ɗaure a jikin batir. "Hajiya, dubi wanga ƙarhe. Duk baƙar waya ta nan za ta bi. Abin da bai bi ta nan ba, mita ba ta ganinai."

Yayyenta suka ce idan allura ta lalace sau ɗaya, a ranar za su zo su ɗauke tsohon. Ta ce ta ji.

Kwana uku a gona lafiya lau. A safiya ta huɗu ta buɗe firji ta ji shi ɗumi, mita kuwa tana nuna saura tamanin cikin ɗari ba ko kunya. Ta naɗe kwalbar allurar a jiƙaƙƙen ƙyalle ta tura ƙarƙashin randa, ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya tana huci. Da ta ɗaga murfin akwatin batura sai ga wata waya da ba ta sani ba, an maƙala ta kai tsaye a kan batir ba ta bi ta guntun ƙarfen ba, an zura ta ta taga. Ta bi ta har bayan mota. A inuwa, kan buhu, wayoyin hannu sun fi ashirin, ga fitilu, ga rediyo, duk na leburorin gona, suna shan wuta hankali kwance.

"Baba, wa ya yi wanga aiki?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ni nic ce su sa. Mutum shina yi maka aiki cikin rana, ya roƙe ka wuta, ka ce mai mi?"

Haushi ya cika ta, tausayi kuma ya fi haushin yawa. Mutumin nan bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba.

Ta kira Akanbi a waya, yana faɗa tana ɗaurawa, har sukudireba ta yanke mata yatsa. Kafin azahar ta mayar da wayar leburori ta bi ta guntun ƙarfen. Rana ta cika batura, firji ya dawo da gurnaninsa.

"Su yi caji, Baba. Amma in lamba tas sauka hamsin, an rufe. Kuma kai za ka faɗa musu, ba ni ba."

Bayan kwana biyu aka tashi da gajimare. Da la'asar mita ta nuna hamsin daidai, ga Dikko, babban leburansa na shekara ashirin, ya taho da waya a hannu. Mubina tana cikin mota tana kallonsu.

Malam Hodi ya dubi lambar, ya dubi Dikko.

"Dikko, ka yi haƙuri. Yau babu. In na ba ka, gida za su mai da ni."

Dikko ya sa wayar a aljihu. "To Malam, wa za ya auna muna albasa in ka tahi?"

Tsohon ya juya ya daɗe yana gyara hular da ba ta karkace ba.