Mangwaron Saje Philip

Ruwan Agusta ya cinye rabin unguwarmu a Zuru, katangu suka kwanta, dawa ta jiƙe a rumbuna. Da muka gaji da jiran hukuma, sai muka ce mu yi gayya mu haƙa lambatu da kanmu. Aka ɗora Ɗanjuma mai gyaran babur a kan aikin.

Abin ya tsaya wa Saje Philip a rai. Tsohon soja ne, kuma tun da ya ajiye kaki, duk shawarar unguwa a gindin mangwaronsa ake yanke ta, shi a kujera, mu a tabarma. Inuwar nan ita ce sarautarsa. Yanzu ga mutane suna jefa masa "Sannu Saje" suna wucewa neman Ɗanjuma. Hassada ce zalla, har tuwo ya daina shiga.

Ranar gayya Ɗanjuma ya bi unguwa yana zuba toka a inda za a haƙa. Da layin ya iso ƙofar Saje, sai ya yi kwana ya zagaya. Saje ya miƙe kamar an kira fareti.

"Wannan layi ne ko tafiyar maciji? Mu a bariki ba mu san karkataccen aiki ba. A ba ni igiya!"

Ya share tokar da takalmi. Aka kafa turke can, aka kafa nan, aka ja igiya. Matasa suka yi ta tafi, Saje yana hura hanci. Sai tafin ya mutu. Igiyar ta zo ta ɗafe a jikin mangwaron, daidai tsakiya.

Ɗanjuma ya matso, ya rage murya. "Baba Saje, don iccen ga na karkata. Mu maida tokar inda take, ba komi."

Saje ya dubi itacen, ya dubi jama'a. Kowa ya zuba ido, kuma Saje ya san in ya ce to, gobe labarin shi ne Ɗanjuma ya fi shi hankali. Wallahi na tausaya masa.

"Layi ya miƙe," in ji shi. "Hannah, kawo mini gatari."

Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi motsi. Da kansa ya shiga ya ɗauko.