Tayoyin Baya

Malam Gana na Fagge ya sha kwalta, ya sha burji, ya sha rairayin Barno tun mota na da hannun tayarwa. Yanzu ido ya yi rauni, sai ya miƙa wa ɗansa Abdulrauf sitiyarin tsohuwar a-kori-kurarsu, shi kuma ya koma kujerar mai zaman banza. Aikinsu ɗaya, kwasar dilolin atamfa daga Kantin Kwari zuwa tasha.

Da tayoyin suka suɗe, rigima ta tashi. Abdulrauf na son masu sulɓi na cikin gari, ba ƙugi, ba shan mai. Tsoho kuwa ya kafe sai masu manyan haƙora, don akwai Toma. Toma tsohon karen motarsa ne, tare suka yi ƙuruciya suna sace iskar taya in rairayi ya riƙe su, suna tura farantin ƙarfe a ƙarƙashin taya don mota ta fita. Yanzu yana kwance ba lafiya a ƙauyensu can bayan Zariya, hanyar kuwa da ruwa ya sauka sai taɓo. Mota mai taya sulɓi ba ta kai ƙofarsa.

Suka nufi Sabon Gari wajen Chukwuma, wanda Gana ke sayen taya a hannunsa tun gashin kansu na baƙi.

"Babarbare, ashe kana nan da rai?" in ji Chukwuma da ya ga Gana.

"Ina nan, sai na ga bayan tsadarka. Ba ni masu haƙora huɗu."

"Baba, saboda tafiyar sau ɗaya a shekara?" in ji Abdulrauf.

"Kai, rufe mini baki. Ina zuwa duba Toma a kai a kai."

Shi Chukwuma ba ya tambayar direba inda yake zuwa, ya ce bakin direba ya fi na dillali. Tayar yake tambaya. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa sukundireba yana sakatar ɗan abin da ya rage na tsagar tayar baya, ya leƙa ƙarƙashin mota, ya karkaɗe a tafin hannu. Zare, murfin lemo, guntun ƙusa.

"Gana, ina jar lakar? Lakar garin Toma ko an wanke mota sai ta maƙale. Wannan rabonta da barin kwalta an daɗe."

Gana ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya tuna damina biyu ke nan yana cewa sai an ɗauke ruwa, in an ɗauke kuma ya ce sai kasuwa ta lafa. Ya tuna Toma tsamo-tsamo cikin taɓo har gwiwa, yana tura mota yana zaginta da Barbarcin da ya koya a bakinsa. Ya cire hula ya sosa kai.

Chukwuma ya ce, "In don gari ne, yaronka ya fi ka gaskiya."

Tsoho ya daɗe yana kallon tulin tayoyin. Can ya ce, "Sa masu sulɓi a gaba, masu haƙora a baya. Ƙugin na iya da shi."

Ya juya ga Abdulrauf. "Ka faɗa wa mutanen Kwari ranar Asabar ba mota."

"Baba, hadari fa ya fara haɗuwa."

"Shi ya sa. Kawo jak."