Kifayen Basiru

Basiru na tsakiyar sauya adireshin firoksinsa, hanyar da yake bi ya shiga intanet a ɓoye, aka ce Madam Esther na kiransa.

Wata uku ke nan da aka sa wa intanet ɗin ofishinsu na Yelwa shinge, ba kallon ƙwallo, ba hira. Shi kuwa Basiru, da ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata shida har ya laƙaba wa kansa Injiniya, sai ya haƙa ɓarauniyar hanya. Duk ranar da shingen ya gano ta ya toshe, sai Basiru ya sake mata suna. Don kada ya manta, sunayen kifi yake sa mata. Da safe abokan aiki kan raɗa masa, "Yau wane kifi?" Shi kuma ya amsa yana hura hanci.

Madam Esther, shugabar ofishin, ta ajiye takardu biyu a kan tebur. Ɗaya ta sallama ce, an bar gurbin suna.

"Zauna, Injiniya. Daga sama sun ce in kori mai wanga aiki yau. Taimaka mini mu gano shi."

Aikin ofishin nan shekara biyu ya yi yana nemansa. Amma ya gyara zama, ya ce ai irin wannan sai ƙwararru, wataƙila ma daga ƙasar waje.

"To." Ta ɗauki ɗaya takardar, jerin adireshin da aka toshe. "Karfasa. Tarwaɗa. Ragon ruwa. Gargaza. Mutanen ƙasar waje sun san kifinmu."

"Duniya ta ci gaba, Madam."

"Ƙwarai. Ga na shekaranjiya." Ta sa tabarau. "Bandar Inna Mariya."

Wayyo. Ranar kifayen ne suka ƙare masa, yana sauri za a take wasa, sai ya rubuta abin da ya zo bakinsa. Kaf kasuwar Yelwa kuwa Mariya mai banda ɗaya ce, ita ta haife shi, kuma wurinta Madam ke sayen kifi.

Kunya ta rufe shi. Injiniya guda, ya ɓoye wa na'ura, ya bar sunan uwarsa a bakin ramin.

"Ni ne, Madam."

"Na sani tun daga tarwaɗa." Ta jefa takardar sallamar cikin durowa, ba ta yaga ba. "Ba ni iya kallon idon Inna in ce na kore ka. Tunda kai ka san ramukan, kai za ka riƙa toshe su. Ko ɗaya ya buɗe, in cike gurbin nan."

Ya koma kujerarsa, ya toshe hanyar da hannunsa. Zaidu na teburin kusa ya miƙo wuya.

"Injiniya, yau wane kifi?"

Basiru bai ɗago ba.

"Yau ni aka kama," ya ce.