Madubin Mota a Kan Murhu

Da 'yarsu ta mayar da su sabon gida, kowa ya yaba kicin ɗin ban da Baba Direba. A jikin bango ɗaya tal aka jera komai: firij a kusurwa, sai wurin wanke-wanke, sai teburin yanka, murhun gas daga ƙarshe. Ko ƙofa babu tsakaninsa da falo. Matarsa har da 'yar rawa, wai ƙafarta ta huta, da ta miƙa hannu nan ta miƙa can, an gama girki.

Shi kuwa abin ya tsaya masa a rai. Kunnensa ya daɗe da mutuwa, sai ya kalli bakin mutum yake gane magana. A tsohon gida teburin a tsakiya yake, tana yanka albasa yana zaune a gabanta, suna ta gulmar maƙwabta. Yanzu fa ƙeyarta kawai yake kallo. Yana ganin kanta na motsi, ya san zuba take yi, amma ko kalma ɗaya ba ya samu. In ta juyo don ta maimaita masa, tukunya ta kama. Ta gaji da juyowa, shi ma ya daina tambaya, kuma shirun nan ya fi kurumtar ci masa rai.

Ya gwada jan kujera kusa da ita. Tana buɗe firij ta buge masa gwiwa.

"Malam, don Allah matsa. Wurin nan na mutum ɗaya ne."

Ya koma falo yana cika yana batsewa. Can sai dabara ta faɗo masa. Shi da ya tsufa yana tuƙa bas, yaushe ya taɓa juyawa don ya ga fasinja?

Ranar da ta tafi kasuwa, ya sayo madubin gefe na babbar mota. Ya ɗaure shi a jikin kanta ta saman murhu, tsakanin gwangwanin shayi da na sukari. Ya zauna a kujerarsa ya duba, ya tashi ya karkata shi, ya sake zama, har ya dace.

Ta dawo ta ɗora tukunya, idonta a ƙasa, ba ta lura ba. Sai ga bakinta tar a madubi, tana cewa, "Ya zauna shiru kamar baƙo. Allah dai ya bar min kai, tsohon rigima."

"Amin," in ji shi. "Amma rigimar a wurinki na koya."

Ludayi ya suɓuce mata. Tana ɗaga kai ta gan shi a madubin, baki har kunne. Ta yi dariya har da hawaye, ta kama bakin zane ta goge tururin da ya fara rufe gilashin.

"To gyara zama," ta ce. "Tun ranar da muka tare nake tara maka labari."