Saƙon Banki Ranar Asabar

"Ba zan bayar ba, Kawu."

Hannun Kawu na miƙe, yana jiran makullin motar. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi 'yar ƙanwarsa, kamar bai gane yaren da ta yi ba.

"Ke Lauya, da ni kike? Na ce ki miƙa wa bawan Allah makulli da takardu."

"Na ji ka. Kuɗi ba su shigo ba."

Tun tana firamare ake kiranta Lauya, saboda ba a taɓa gama magana da ita ta yi shiru ba. Yanzu ta gama jami'a, tana aiki a wani ɗakin gwajin jini, sunan kuma ya ƙi sakinta. Motar ta marigayi babanta ce. Ita ta wanke ta, ta ɗauki hotuna, ta sa talla a intanet, domin asibiti sun ce a biya kuɗin aikin idon Mama ranar Litinin da safe, in ba haka ba su ba wani gurbin. Idon Mama ya kai ba ta gane mutum sai da murya.

Mai sayen ya jingina da motar kamar ya gaje ta. Turarensa ya cika farfajiyar gidan, agogonsa sai ƙyalli yake. Tun zuwansa Lauya take kallonsa a kaikaice. Wanda ya zo kafinsa sai da ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya kushe tayoyi, ya yi tayin wulaƙanci. Wannan kuwa ko injin bai leƙa ba, ko ragi bai nema ba. Kawu kawai ya duba. Ya rusuna ya gaishe shi, ya kira shi Baba, ya yi wa marigayi addu'a mai tsawo kamar tare suka yi makaranta, sannan ya zura masa ambulan a aljihu, wai na la'ada. Tun daga lokacin Kawu yake dafe da aljihun kamar mai ciwon ƙirji.

"Ƙanwata," in ji mai sayen cikin murya mai taushi, "ai saƙo ya shigo wayarki. Kowa ya ji ƙararsa."

"Saƙo ya shigo. Kuɗi ne ba su shigo ba."

Ta ɗaga wayar. Saƙon na ɗauke da sunan bankinta, har da rana da lokaci. Amma ya sauka shi kaɗai ne, ba a ƙarƙashin saƙonnin da bankin ya saba turo mata ba. Ta buɗe manhajar bankin ta nuna wa Kawu. Ragowar albashinta ne a ciki, yadda ta bar shi jiya.

Kawu ya ture wayar da bayan hannu. "Ni ba na karanta wannan shirmen. Ni mutum nake karantawa. Dubi wannan bawan Allah, ya yi miki kama da mai cin tsohuwar mota?"

Ta dube shi ɗin, daga agogo har takalmi. "Sosai ma."

Maƙwabciyar da ke shanya a bene ta tuntsire da dariya, ta yi maza ta mayar da ita tari.

Mai sayen ya girgiza kai kamar wanda aka zalunta amma ya yafe. Ya danna waya, ya buɗe murya kowa ya ji. Wani ya ɗauka, ya ce shi ne manajan reshe, ya ce matsalar sabis ce, kuɗi suna kan hanya, a saki mota kawai. A bayan muryarsa ana jin kukan jariri da ƙarar cokali a tukunya.

"Yallaɓai manaja," in ji Lauya, "a gaida mai jego. Tunda kana gani daga kicin ɗin naka, faɗa mini ragowar da ke asusuna."

Wayar ta katse.

"Kin gani? Sabis!" in ji Kawu.

"Ga shawara," ta ce wa mai sayen. "Mota ba ta da ƙafar guduwa. Ka dawo Litinin, mu shiga banki tare. Ina ganin kuɗi, kana ganin makulli. Wa ya ce ka zaɓi Asabar, ranar da ƙofar banki ke rufe?"

Nan taushin muryar ya ƙare. Ya ce shi ba a taɓa yi masa irin wannan cin mutuncin ba. Ya ce ya fasa, a mayar masa da kuɗinsa yanzu yanzu, ko rabi ne, sauran ya yafe wa marayu.

"In mayar da abin da bai zo ba? Lallai ka ƙware."

Ya taka zuwa gaban Kawu, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri," ya sa yatsu biyu ya zare ambulan ɗinsa daga aljihun dattijon. Ya fice, turaren na bin sa.

Kawu ya daɗe yana kallon ƙofa. Sannan ya juyo kan Lauya.

"Kin tozarta ni a gaban baƙo. Karatun naki ke nan? Ki mayar da wan uwarki abin dariyar mata masu shanya?"

Lauya ta so ta ce ba ita ta sayar da hankalinta a kan ambulan ba. Maganar ta zo har bakinta, ta haɗiye, abin da ba ta saba ba. Kawu ya shiga ciki ya faɗa wa Mama cewa tunda 'yarta ta fi kowa sani, shi ya cire hannunsa daga gidan nan.

Ranar Litinin tana cikin na farko a layin banki. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce babu abin da ya shigo, babu kuma abin da ke hanya. Lambar mai sayen a kashe, shafinsa ya ɓace. Ta tura wa Kawu saƙo ta gaya masa. Amsarsa ta zo nan take: to da fa, wa zai bar kuɗinsa a hannun marar kunya? Ai janye abinsa ya yi.

Daga nan ta wuce asibiti ta roƙi a ɗaga mata ƙafa. Suka ce gurbi ya tafi, sai zagaye na gaba, bayan wasu watanni.

Ta tarar da Mama zaune a bakin gado, tana laluben maɓallin rediyo.

"Lauya ce?"

"Ni ce, Mama. Gurbin asibitin, sun ba wani."

Lauya ta zauna kusa da ita, ta ci gaba.

"Da na ba mai sayen nan makullin, da yanzu ba mota, ba aikin ido."

"Na sani," in ji Mama. "Tun daga ɗaki na ji muryarsa, ban yarda da shi ba. Amma kawunki shi kaɗai ne ɗan'uwan da ya rage mini a duniya, kuma ba zai dawo ba."

Lauya ta kunna mata rediyon, ta fita farfajiya ta sake ɗaukar hotunan motar. Ta riƙe motar babanta. Abin da riƙon ya ci mata kuwa ba ɓoyayye ba ne: Mama za ta ƙara watanni a cikin duhu, ba kuma ɗan'uwan da zai zo ya zauna kusa da ita.