Saisayen Sitiroberi

Mai aski bai taɓa dasa ko da albasa ba a rayuwarsa, amma ranar da matarsa za ta tafi aikin ido sai ya daki ƙirji ya ce ta bar masa sitiroberinta, ba abin da zai same su.

Tsofaffin bokitan fenti ne ta jera a barandar benensu, ta huda gindinsu da ƙusa, ta cika su da ƙasa da taki, ta dasa sitiroberin a ciki. Tun da yanar ido ta rufe mata gani, da hannu take renon su. Da laluba take gane ganyen da ke jin ƙishi, da ɗan yatsa take gane ƙasar da ruwa ya yi wa yawa, amma jan 'ya'yan nan ba ta taɓa ganinsa ba, sai dai a ba ta labari. Bana kuwa sun yi fure fari fat, wasu har sun fara ƙulla 'ya'ya kore.

"Malam, ruwa kawai," in ji ta, 'yarsu na tsaye da jaka a bakin ƙofa tana jiranta. "A gindi za ka zuba, ban da kan ganye. In ka ga dogon yaɗon nan ya zubo waje, ka datse shi, ƙarfinsu yake cinyewa. Iyakarta ke nan. Ranar da na dawo da sabon ido, jansu nake so in fara gani."

"Hajiya, ki je hankalinki kwance."

Kuskurenta ɗaya ne, ta ba mai aski izinin riƙe almakashi. Da farko ya yi abin kirki, yana zuba ruwa safe da yamma. Sai wata safiya ya hango yaɗon da aka ce, ya ɗauko almakashin shago ya datse shi. Ya ja da baya ya karkata kai. Wannan gefe ya kwanta, wancan ya yi buzu-buzu. Shi kuwa tunda yake, bai taɓa barin mutum ya tashi daga kujerarsa da kai a karkace ba. Ya ɗan rage wancan, sai wancan ya fi wannan gajarta. Ya dawo wannan. Furanni sun yi tsiri-tsiri sama da ganye suna ɓata layi, ya bi su ya daidaita. Da ya gama da bokitin farko sai na biyu ya zama abin kunya a kusa da shi. Hannu ya saba, baki ma ya saba, har hira yake yi musu a kan tsadar rayuwa da halin yaran zamani.

Bai farga ba sai da ya ɗauko tsintsiya. A cikin sharar ga furanni, ga 'yan korayen 'ya'ya, duk a ƙasa. Saisaye ya yi niyya, abin ya ƙare a tal-kwabo. Ya zauna a kan bokitin ruwa, yana kallon sharar. Ba faɗanta yake tsoro ba, wannan ya saba sha. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne matar nan ta daɗe cikin duhu ba ta roƙe shi komai ba, sai wannan ɗaya, shi ma ya aske shi.

Kullum da yamma takan kira shi a waya. "Ya 'ya'yana?"

"Tsaf suke," in ji shi. Wannan dai ba ƙarya ya yi ba.

Ana jibi za ta dawo, ganye ya ɗan toho amma babu ko alamar fure, ya sauka ƙasa wurin Tela, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda shagonsa ke manne da nasa. Tela ya hau ya duba, ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

"Mutumina, ka yi musu gyaran fuska ma kuwa?"

"Dariya na kira ka ka yi?"

Tela ya share hawaye, ya durƙusa ya murza wani kara tsakanin yatsunsa kamar mai duba ingancin yadi. "Zai ɗauki allura," in ji shi. "Je ka kanti ka sayo nunannu, masu ɗan koren hula a ka. Sauran aikina ne. Rigar da wuta ta ci ma na yi mata ciko mai ita bai gane ba."

Washegari da hantsi tsofaffin biyu suka duƙufa a baranda. Tela ya zo da ƙaramar allura da zaren da ya rantse launinsa ɗaya da ganye. Mai aski ke riƙe ɗan itacen a jikin kara, Tela na sokawa, kuma rabin sukan a yatsun mai aski suke sauka. In ya yi ƙara, Tela ya ce haka ake koyon sana'a. Waɗanda suka fashe suka cinye su don kada a bar shaida. Kafin rana ta take, bokitan sun yi jawur. Mai aski ya so ya ɗan rage wani ganye da ya leƙo, Tela ya ƙwace almakashin ya sa a aljihu.

"Ai ko kusa ba za ta gane ba," in ji mai aski. "Hajiya da ko gishiri da sukari sai ta ɗanɗana."

"Ina za ta gane!" in ji Tela. Duk cikinsu ba wanda ya tuna abin da ta tafi yi.

Ta dawo da baƙin tabarau, ta hau matakala ba tare da ta riƙe kowa ba. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce baranda, ta zare tabarau, ta tsaya. Mai aski na bayanta yana murza hannu. Ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah," in ji ta a hankali. "Malam, ashe haka suke da kyau."

"Ƙoƙari dai muka yi."

"Ku da wa?"

"Ni da... ruwa."

"Da hannu na san su a rataye suke haihuwa. Waɗannan kuwa ga su a tsaye ƙyam a kan kara."

"Irin na bana ke nan."

"To kira mini Tela ya zo ya ga abin arziki. Ba kyau maƙwabci ya ji a bakin wasu."

Tela ya hau yana gyara hula, ya yi mata barka da sauƙi, ya dubi bokitan ya riƙe baki, har ya fi kowa mamaki. Hajiya ta ce tunda shi ne baƙo, shi za ta fara tsinka wa. Ta kama mafi girma ta ja. Abin da mai aski bai sani ba shi ne Tela ba ya son yawan yanke zare, da zare ɗaya ya ɗinke bokiti guda. Na farko ya taho, na biyu ya biyo shi, na uku ya biyo, har ta ɗaga hannu sama da su reras kamar sarƙar wuya.

Tela ya ce yana jin ya bar dutsen guga a kan wuta.

"Tsaya, Tela. Wannan zaren wane launi ne?"

"Kore ne, Hajiya. Koren ganye."

"Malam, kai fa?"

Mai aski ya matso ya ƙanƙance ido. "Kore."

"Shuɗi ne," in ji ta. "Shuɗi shar. Tun daga bakin ƙofa na hango shi."

Dariya ta kama ta har 'yarsu ta rugo tana cewa likita ya hana ta murza ido. Tela ya karɓi zaren ya kai shi dab da hanci, ya juya shi ta hasken rana, ya sauka ƙasa.

Mai aski ya tsaya kai a sunkuye, kunya da baƙin ciki sun cika shi. "Hajiya, na aske su. Abu ɗaya kika roƙe ni."

"Za su sake fure, ba ka taɓa zuciyarsu ba." Ta ajiye sarƙar, ta kamo hannunsa ta buɗe, ta ga yatsun duk huji, sun yi ja sun kumbura. Dariyar ta tsaya. Ta ɗago ta kama haɓarsa, ta juya fuskarsa dama, ta juya ta hagu, tana bin furfurar da ramukan kumatun da ba ta san da su ba.

"Yaushe ka tsufa haka ba ka gaya mini ba?"

Ya buɗe baki zai ba da amsa.

"Tsaya, kada ka motsa," in ji ta. "Ban gama kallo ba."