Lasisin Likitar Dabbobi

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana duba dabbobi kafin aikin mijinta ya dawo da su wannan gari, inda aka ce lasisinta na inda suka baro ba ya aiki. Wata takwas tana zaune, ko akuyar maƙwabta ba ta isa ta yi wa allura ba. Daga baya hukumar likitocin dabbobi ta fito da sabon tsari: wanda ya haura shekara ashirin a bakin aiki ba sai ya rubuta jarrabawa ba, ganawa kawai za a yi da shi.

Mijin ya sauke ta a ƙofar ofishin, ya ce, "In sun kayar da ke, ga ni, ki ci gaba da duba ni."

"Kai da ba ka tsayawa a yi maka allura? Gara bijimi."

Mutum uku ta tarar a bayan dogon tebur, fanka na ta ƙara a kansu. Shugaban ya yi ta juya takardunta yana gyaɗa kai. Ƙaramin cikinsu kuwa, mai tabarau, ko murmushi bai yi ba.

"Likita, mu sai da muka rubuta," in ji shi. "Doki mai kilo ɗari huɗu, maganin barci nawa za ki ba shi?"

"Sai na buɗe littafi."

"Shekara ashirin da bakwai ba ki haddace ba?"

"Na haddace, ƙanena. A shekarata ta uku na auna wa wata goɗiya da ka, ban duba ba. Ba ta tashi ba. Ni na je na gaya wa mai ita da bakina. Tun ranar, ko na san amsa sai na duba." Sannan ta faɗa masa adadin, ta ƙara da cewa a rage in dokin tsoho ne.

Mai tabarau ya duba takardar gabansa, ya yi ɗan rubutu. Ya jefo mata wasu tambayoyi huɗu, kan kumburin ciki da haihuwar da ta zo a juye. Kafin ta gama ta ƙarshe ya ajiye biro, ya jawo kujerarsa gaba yana saurare.

Shugaban ya buga hatimi, ya ce ta dawo ran Litinin ta karɓi katinta.

Da ta fito ba ta kira mijin ba. Ta tari tasi, ta ce a kai ta kasuwar shanu, tana so ta ga shagunan haya da ke bakin ƙofa.